Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Sa Sabon Masallacinmu Yake Haɗiye Huduba?

TAMBAYA: Ni malamin makaranta ne, ina kuma cikin kwamitin masallacin unguwarmu a Sabon Garin Nangere, Jihar Yobe. Mun rushe tsohon masallacinmu na ƙasa, muka yi karo-karo muka gina na bulo da siminti. Mun ɗaga rufinsa sosai, mun sa tayil da silin mai santsi, da ƙubba a tsakiya. Gini ya yi kyau, duk wanda ya gani sai ya yaba. Amma tun da aka buɗe shi ba a fahimtar huduba sai a sahun gaba. Mun sauya lasifika, mun ƙaro wasu daga Potiskum, abin sai ƙara cakuɗewa yake yi. A tsohon kuwa, ko an ɗauke wuta ana jin liman har bakin ƙofa. Wani tsohon ɗalibina ya ce mini a ƙasashen Turai ɗakunan kiɗa ma zana su ake yi musamman saboda sauti. Shin da gaske fasalin gini yana sauya yadda ake jin murya? In haka ne, me ya rage mana? Muna kuma shirin gina zauren taro a makarantarmu, ba ma so mu maimaita abin da ya faru.

AMSA: Allah ya karɓi aikinku, ya saka wa duk wanda ya sa ko bulo ɗaya ne. Ɗalibinka gaskiya ya gaya maka. Kafin komai ina so in wanke mutum biyu da aka saba ɗora wa laifi a irin wannan hali, wato mai sayar da lasifika da yaron da ke kula da injin magana. Abin da ka lissafa, daga tayil zuwa ƙubba, ya isa ya haɗiye huduba ko da kayan sautin da suka fi kowanne tsada kuka sa. Matsalar a jikin ginin take, kuma tana da magani, ko da yake wani maganin ya fi wani tsada.

Bari mu bi muryar liman daga bakinsa. Sauti yana cin kimanin mita 343 a sakan ɗaya, a zafin bazara irin na Yobe ma yakan haura 350. Ba hanya ɗaya yake bi ba, bazuwa yake yi ta ko'ina. Ɗan kaɗan ne yake miƙewa kai tsaye zuwa kunnen wanda ke zaune a sahu na goma. Mafi yawansa bango yake fara tararwa, ko daɓe, ko silin, ya dawo, ya sake cin karo da wani bangon, haka dai har ƙarfinsa ya ƙare. Duk inda ya buga, wurin yana shanye wani kaso ya mayar da saura. Tayil da marmara da filastar siminti mai santsi ba sa shanye abin da ya wuce kashi 2 ko 3 cikin 100. Kafet mai kauri yakan sha kusan kashi 30, wani ma fiye. Jikin mutum da tufafinsa suna shan sauti ƙwarai. Taga kuwa in a buɗe take, abin da ya fita ta nan ya fita ke nan.

Ba duk sautin da ya dawo ne yake ɓarna ba. Wanda ya riski kunne da wuri, kafin a ci kashi 1 cikin 20 na sakan bayan isowar na farko, kunne ba ya jin sa daban, haɗa su yake yi ya ji murya guda mai kauri. Shi ya sa magana a zaure ta fi magana a fili sauƙi, ga mai yi da mai ji. Wani Bajamushe mai suna Helmut Haas ya auna wannan a ƙarshen shekarun 1940. A cikin wannan ɗan lokaci sauti yana cin mita 17. To, duk sautin da zagayensa ya ɗara hanyar kai tsaye da fiye da mita 17 ya makara. In shi kaɗai ya dawo da ƙarfi, daga bangon baya misali, shi ne amsa-kuwwar da ake ji ɓaro-ɓaro, liman ya faɗi kalma bango ya maimaita. In kuwa dubbai ne suka dawo a cakuɗe, sai ka ji wani amo ya cika ɗaki yana jan jiki, ba ya mutuwa da wuri. Daga bayaninka, na biyun ne babban ciwonku, ko da yake ƙubba tana iya kawo na farkon.

Mai huduba yakan furta gaɓa 4 ko 5 a sakan ɗaya. Idan ɗaki yana riƙe amo na sakan 5, kafin gaɓar farko ta mutu an jibga mata wasu 20 a kai. Kamar almajiri ne ya cika allonsa da rubutu, bai wanke ba ya sake yin wani a kai, ya kuma sake: tawada ta yi yawa, karatu kuwa babu. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne wasula suna da ƙarfi da tsawo, baƙaƙe kuwa gajeru ne marasa ƙarfi, alhali su ne suke rarrabe kalma da kalma. Amon wasalin da ya wuce sai ya danne baƙin da ke biye da shi. Wanda ke baya yana jin tashin muryar liman da saukarta, ya san Larabci ake yi ko Hausa, amma sin da sadi sun zama masa abu ɗaya. Tsofaffi su suka fi cutuwa, da waɗanda ba da Hausa suka buɗe baki ba. A ƙasarku ta Tikau, inda Karai-Karai da Ngizim da Fulani da Hausawa suke tsayawa a sahu ɗaya, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Nan za ka ga dalilin da ƙarin lasifika bai yi muku rana ba. In an ƙara wa inji murya, sautin da ke zuwa kai tsaye yana ƙaruwa, wanda ke yawo tsakanin bangaye ma yana ƙaruwa daidai da shi. Ba a samu komai ba sai ciwon kunne. Kowace sabuwar lasifika kuma wani bakin ne da aka buɗe yana zuba sauti a bangayen da ba sa sha.

Wanda ya fara mayar da wannan abu lissafi wani matashin malamin kimiyya ne a Jami'ar Harvard ta Amurka, Wallace Clement Sabine. A 1895 jami'ar ta buɗe sabon ɗakin lacca a gidan kayan tarihi na Fogg, sai aka wayi gari ɗalibai ba sa gane abin da malami yake faɗa, irin halin da kuke ciki sak. Aka ɗora wa Sabine aikin gyara. Ba shi da na'urar naɗar sauti irin ta yau. Kayan aikinsa bututun busa ne, da agogo, da kunnensa. Ya auna ya ga kalma tana daɗewa kusan sakan biyar da rabi a ɗakin kafin ta mutu. Da dare, in gari ya yi tsit, shi da mataimakansa sukan kwaso katifun kujeru daga wani zauren jami'ar mai suna Sanders, su shimfiɗa, su busa, su auna, su ƙara wasu, su sake aunawa, kafin safiya su mayar da katifun inda suka ɗauko. Shekaru ya yi yana wannan jigila kafin ƙa'idar ta fito masa a 1898. Daɗewar amo, wato lokacin da sauti yake ɗauka ya ragu zuwa kashi 1 cikin miliyan na ƙarfinsa, tana ƙaruwa da girman cikin ɗaki, tana raguwa da yawan abin da ke shan sauti. A lissafe, a ninka girman ɗakin da 0.161, a raba da jimillar abin sha. Har gobe da wannan ƙa'idar ake fara aiki.

Tunda malami ne kai, mu gwada ta a kan wani masallaci na misali, sai ka sa awon naku a gurbinsa. A ce tsawonsa mita 20, faɗinsa 15, tsayinsa 6. Cikinsa kubik mita 1,800 ke nan, in an ninka da 0.161 a samu kusan 290. Daɓe da silin da bangaye sun kai murabba'in mita 1,020. In duk tayil ne da filasta, kashi 3 cikin 100 na wannan wajen 30 ne. A ƙara 20 na tagogi da ƙofofin da ke buɗe, ya zama 50. Raba 290 da 50, ka kusa sakan 6. Yanzu a shimfiɗa kafet mai kauri a duk daɓen: abin sha ya tashi zuwa wajen 130, amo ya sauko kusa da sakan 2. In aka ƙara da silin mai shan kashi 60, jimilla ta kai 300, amo ya koma kusan sakan 1. Ba a taɓa waya ko ɗaya ta lasifika ba. Lissafin nan shi ne kuma yake bayyana abin da na tabbata kun lura da shi, cewa ranar Juma'a in masallaci ya cika maƙil an fi jin liman fiye da sallar Azahar ta ranar Talata da sahu biyu.

Aikin Sabine ya sa aka kira shi ya ba da shawara a ginin babban ɗakin kiɗa na birnin Boston, wanda aka buɗe a 1900, kuma shi ne ɗakin farko da aka tsara sautinsa da lissafi tun a takarda. Har yau ana sa shi a sahun gaba tare da wasu biyu da suka girme shi: Musikverein na birnin Biyana, 1870, da Concertgebouw na Amstadam, 1888. Dukansu fasali ɗaya ne, dogo mai kusurwa huɗu, mai tsayin rufi. Na Biyana tsawonsa kusan mita 49 ne, amma faɗinsa bai wuce 19 ba. Wannan ƙarancin faɗin yana da muhimmanci, don bangayen gefe suna kusa da kowa, suna mayar da sauti da wuri daga dama da hagu, mai sauraro ya ji kiɗan ya kewaye shi. Bangayen kuma ba santsi ba ne. Cike suke da ginshiƙai da lunguna da sassaƙa, silin ma rami-rami aka yi masa. Sauti in ya bugi irin wannan wuri warwatsewa yake yi a hankali, ba ya dawowa dunƙule ya mari kunne. Daga baya, a 1963, Hans Scharoun ya gina wani ɗaki a Balin da ya sa makaɗa a tsakiya, masu sauraro kuma a kan dakali-dakali da suka kewaye su. Da ya rasa bangayen gefe na kusa, sai shi da masanin sauti Lothar Cremer suka ba kowane dakali ɗan guntun bangonsa da zai yi wancan aikin.

Kada kuma ka ɗauka ku kaɗai ne kuka taɓa gina abu mai kyau ya ƙi sauti. Royal Albert Hall na Landan, da aka buɗe a 1871, ƙato ne mai zagaye da ƙubbar ƙarfe da gilashi, kuma kusan shekara 100 yana fama da amsa-kuwwa, sai a 1969 da aka rarrataya manyan faya-fayai a ƙarƙashin ƙubbar abin ya lafa. A birnin New York an buɗe ɗakin Philharmonic a 1962 bayan an ƙara yawan kujeru fiye da yadda masanin sautinsa ya so. A 1976 aka fasa cikinsa kaf aka sake, aka kuma sake wani gyaran da aka kammala a 2022 a kan dala miliyan 550, wannan karon har rage kujeru aka yi. Tun ran gini tun ran zane, in ji masu magana, kuma a harkar sauti gyara ya fi shiri tsada nesa ba kusa ba.

Sai dai a nan ina so ka yi hattara da koyi. Waɗancan ɗakuna uku da ake yabo suna riƙe amo na kusan sakan 2 in sun cika, kuma da gangan ne. Kiɗan da aka gina su dominsa na tarin kayan goge ne da na busa, masu jan sauti, yawancinsa ba waƙa a ciki, daɗewar amo tana ƙara masa armashi. Magana kuwa sakan 1 ko ƙasa da haka take so, ajin makaranta ma wajen 0.6. Kiɗanmu na Hausa a ɓangaren magana yake. Mai sauraron Shata ko Narambaɗa ko Ɗan Maraya Jos kalma yake bi, habaici ɗaya in ya kuɓuce masa ya yi asara. Kalangu da kotso da kuntigi kuma bugu ne gajere mai sauri, dogon amo cakuɗa shi yake yi. Kakaki da algaita da tambari ma ba na ɗaki ba ne, don ƙofar fada da filin idi aka yi su, inda babu bangon da zai taimaka, shi ya sa suke da kaifi. Saboda haka ɗakin da ya yi wa makaɗan Biyana daidai ba zai yi wa mai tafsiri da mai jan baki daidai ba. Kowane ɗaki ana fara tambaya ne: me za a riƙa ji a cikinsa? A masallaci, ra'ayina a nemi tsakanin sakan 1 da ɗaya da rabi. Ɗan amon da ya rage yana yi wa ƙira'a ado wajen madda da gunna, ba tare da ya cinye huduba ba.

Yanzu mu koma ga tsohon masallacinku, don abin da ka faɗa a kansa bai ba ni mamaki ba. Rufinsa gajere ne, cikinsa bai da girman da zai riƙe amo. Yaɓen ƙasa bai da santsin siminti, bangon kuma ba a miƙe yake sambal ba. Rufin azara ko na itace layi-layi ne, yana warwatsa sauti. A ƙasa tabarmi ne ko rairayi. Katangar ƙasa mai kauri tana tare hayaniyar waje, ruwan sama ma ba ya ƙara a kan soro yadda yake yi a kan kwano. Duk wanda ya shiga tsohon ɓangaren Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim cikin shekarun 1830, zai ga yadda aka raba rufi gida-gida, da bakan gizo da manyan ginshiƙai masu zane, ba a bar fili ɗaya mai faɗi da santsi ba. Ba don sauti aka yi bakan gizo ba, don ya ɗauki nauyin rufi ne, amma kunne ya amfana. Mihrabi da mumbari ma suna da nasu aikin. Liman yana ba jama'a baya in yana salla, lungun mihrabi yana mayar da muryarsa ga mamu. Hawa mumbari kuma yana sa murya ta bi ta saman kawunan mutane maimakon sahun farko ya shanye ta.

Ban ce ku koma ginin ƙasa ba, na san wahalar yaɓe duk shekara da abin da damina take yi wa katanga. Abin da yake damuna shi ne mun bar tubali mun koma bulo ba tare da mun tambayi abin da tubalin yake yi mana ba. Kuma ginin ƙasa bai mutu ba. Masallacin Yama a Jihar Tawa ta Nijar, wanda magini Falke Barmu ya fara a 1962, ya ci kyautar gine-gine ta Aga Khan a 1986. A Dandaji, a Nijar ɗin dai, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun kammala sabon masallaci a 2018 da bulon ƙasa da inji ya matse, suka mayar da tsohon ɗakin karatu. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya akwai dandalin wasan kwaikwayo da Steven Ehrlich ya zana a tsakiyar shekarun 1970, na ƙasa ne, ɗakuna zagayayyu sun kewaye fili kamar tsakar gida, 'yan wasa suna kusa da 'yan kallo. Wanda zai gina zauren makaranta ya cancanci ya je ya gani.

Ƙubba ita ce tambaya mai wuya. Duk wuri mai lanƙwasa ta ciki tattara sauti yake yi ya tura shi wuri ɗaya. Sai ka ga wani sahu yana jin amsa-kuwwa mai ƙarfi, na kusa da shi ba ya jin komai. Haɗarin ya fi yawa idan tsakiyar da'irar ƙubbar ta faɗo kusa da kan masu zama. Ƙaramar ƙubba mai zurfi da ke can sama ba ta cika cutarwa ba, don sautin yana haɗuwa a sama ya sake bazuwa kafin ya sauko. Magina na da sun san da wannan. Mimar Sinan, da ya kammala Masallacin Sulaimaniyya na Istanbul a 1557, ya binne tuluna a jikin ƙubbar, bakinsu yana kallon cikin masallaci, don su rage rurin da take yi.

To, me ya rage muku? Ku fara da gwajin da ba ya cin ko kwabo. Ku shiga masallacin lokacin da ba kowa, a kashe fanka, mutum ɗaya ya tafa sau ɗaya da ƙarfi, a saurara. A yi a wurin liman, a yi a ƙarƙashin ƙubba, a yi a baya. In tafin ya dawo a rarrabe, ku nemi bangon da yake mayar da shi. In kuka ji wani karkarwa mai sauri, bangaye biyu ne masu fuskantar juna suke jifan juna da sauti, gyara ɗaya daga cikinsu ya isa. In amo ne kawai yake jan jiki, abin sha ne ya yi ƙaranci.

Kafet shi ne farko, mai kauri, da shimfiɗa a ƙarƙashinsa, daga bango zuwa bango. Siririyar ledar ƙasa ko tabarmar roba ba sa yin wannan aikin. Bayan shi sai bangon baya, wanda yake fuskantar liman, don daga nan makararren sauti ya fi dawowa. A yi masa labule mai nauyi mai ninki, a bar ɗan rata tsakaninsa da bangon, ko a jera kantocin Alƙur'anai da littattafai, ko kafinta ya yi firam na katako a cusa audugar gilashi a rufe da yadi. Asabari ko tabarmar kaba ma suna taimakawa kaɗan in an rataye su da rata a baya, amma in an manna su a bango kusan ado ne kawai. Bangon alƙibla kuwa a bar shi da taurinsa, shi ne yake taimakon muryar liman. In da hali, a sauya wani ɓangare na silin da allon nan mai laushi mai ƙananan huda irin na ofisoshi, musamman daga tsakiya zuwa baya, a kuma lulluɓe cikin ƙubbar da abin sha. Ina roƙonku kada ku bi shawarar manna kiret ɗin ƙwai ko soson katifa. Kiret bai shan abin kirki, soso kuwa wuta yake ci da baƙin hayaƙi mai guba. A 2003 a Jihar Rhode Island ta Amurka irin wannan soson da aka manna a bangon wani gidan rawa ya kama wuta, mutum 100 suka mutu.

Sai kayan sauti. Lasifikar ƙaho ta kiran salla ce, a bar ta a waje. A ciki a sa dogaye sirara, waɗanda suke tura murya gaba ba sa watsa ta sama, a karkata su su kalli mutane, kada su kalli bango ko ƙubba, a kuma rage musu murya. Lasifikar da ke nesa da liman tana da wata matsalar: saƙon waya yana isa gare ta nan take, muryar lasifikar gaba kuwa sai ta yi tafiya a iska, wanda ke baya ya ji kalma sau biyu. In tazarar ta kusa mita 17, a nemi ɗan injin da ke jinkirta ta baya, masu haɗa kayan sauti sun san shi. Ɓangaren mata a ba shi tasa ƙarama, kada a ce su dogara da abin da ya tsallako katanga. Abu na ƙarshe, wanda na san zai sha musu, shi ne eko. Masu karatu da yawa suna son a murɗa shi don murya ta yi zaƙi a kunnensu. A ɗakin da ke riƙe amo na sakan 3 ko 4, ƙara eko zalunci ne ga na baya. A kashe shi gaba ɗaya lokacin huduba da tafsiri. Janareta kuma a kai shi nesa, a bayan katanga, don duk hayaniyar da ta shigo cinye baƙaƙen magana take yi.

Zauren makarantarku kuwa yana kan takarda, komai mai sauƙi ne. Ku zaɓi wurin da ya yi nesa da titi, ka san manyan motocin da Potiskum ta yi suna da su ba sa wucewa a ɓoye. A yi shi dogo mai kusurwa huɗu, kada tsawo da faɗi su zo daidai, kada kuma a yi shi zagaye. Kada a ɗaga rufi don alfahari: ɗakin magana kubik mita 4 zuwa 5 ga kowace kujera ya ishe shi, ɗakin kiɗan Turai ne yake neman ninkin haka. Kujerar ƙarshe kada ta wuce mita 20 zuwa 25 daga mai magana. A ɗaga dandamali, a bar bangon bayansa da silin da ke kansa da tauri don su tura murya gaba, a sa abin sha a bangon baya da ƙarshen silin. Tagogi a gefe biyu suna kawo iska suna kuma fitar da amo. A ƙarƙashin kwano a sa silin da auduga a kansa, in ba haka ba ruwan Agusta zai tashi taro. Ku yi lissafin Sabine da awon zanen kafin a haƙa harsashi, ku kuma ce wa mai zanen ya nuna muku nasa.

In gini ya kai rufi, kafin a biya kuɗin silin da daɓe, ku sa ɗalibi ɗaya ya hau inda dandamali zai kasance ya karanta jerin kalmomi da muryarsa ba lasifika, wasu ɗaliban su zauna a tsakiya da baya da kusurwoyi su rubuta abin da suka ji. Inda aka fi yin kuskure a takardun, nan ne za ku fara kashe kuɗin abin sha.